Bakin ɗana ya ƙi buɗewa tun da ya faɗi a kan haɓa, wai sai tiyata

Maman Abba:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa 9, tun yana ƙarami ya faɗo daga keke ya bugu a haɓa, aka ɗinke wurin shi ke nan muka manta, to a hankali bakin ya dinga raguwa har yanzu ko yatsa ɗaya da ƙyar yake shiga, ba ya iya tauna ba ya iya hamma, haɓar ma ta karkace gefe ga minshari da dare. An yi hoton CT an ce gaɓar muƙamuƙinsa ce ta manne. Dole ne sai an yi aikin? Ko mu bari ya ƙara girma?

Baban Zara:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaɓar tana daidai gaban kunne, sa yatsa ki buɗe baki za ki ji motsinta. In yaro ya faɗi da haɓa ƙarfin bugun can yake tafiya ya fasa kan ƙashin, jini ya taru ya daskare, daga baya ya koma ƙashi ya haɗe muƙamuƙi da ƙoƙon kai. In dai ƙashi ne ba maganin sha ko na shafawa da zai narkar da shi gaskiya. Kuma jira ba alheri ba ne, wurin ne muƙamuƙi ke girma ta nan, shi ya sa kika ga haɓar na karkata ɓangaren da ya manne.

Anti Nas:
A ɗakin tiyata nake aiki. Ta gaban kunne ake yanka, a cire ƙashin da ya haɗe a bar tazara kamar santimita 1 zuwa 1.5, sannan galibi a cusa wani abu a tsakani, tsokar gefen kai ko kitsen jikinsa, don kar ƙasusuwan su sake gamuwa. Wasu yaran akan ɗebo ɗan haƙarƙari da guringuntsinsa a dasa musu saboda yana girma da yaro, sai dai wani lokacin girman ya wuce kima ko ya gaza. Gaɓar ƙarfe an fi sa wa manya. Burin likitocin tun yana kan gadon tiyata bakin ya buɗe kusan milimita 35.

Ki tambaye su yadda za su sa shi barci, nan ne wahalar tunda baki a rufe yake, ta hanci ake zura bututun numfashi da 'yar kyamara, in babu sai a huda maƙogwaro. Akwai kuma jijiyar fuska a wurin, in ta taɓu gira takan ƙi ɗagawa, yawanci tana dawowa.

Yaya Babba:
Ƙanwata aka yi wa, sau biyu ma. Na farkon ya yi kyau amma atisayen buɗe baki na da zafi, tana kuka Umma ta ce a ƙyale ta, sai ya sake mannewa. Itatuwan nan da likita ke danne harshe da su ake jerawa tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya ɗaya, kullum sau da yawa, ana farawa cikin kwanakin farko a yi ta yi wata shida har shekara. Ki ba shi maganin ciwon da aka rubuta kafin ku fara, kuma ki samo mai taurin zuciya a gidan ya riƙa yi masa, uwa ba ta iyawa wallahi.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Babansa zai riƙe wannan ɓangaren. Anti Nas, karkatar haɓar fa, a aikin za a gyara ko sai daga baya?