Wace kyamara zan saya don ɗaukar fim, GH5 ko A7 III?

Ɗan_Fagge: Salam 'yan uwa, ina neman shawara. Shekara biyar ina aiki da Canon 600D, hoto ba laifi amma bidiyo 1080 kawai take yi, kuma da magariba ta yi sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar yashi. Yanzu zan fara gajeren fim, na rasa tsakanin Panasonic GH5 da Sony A7 III.

Baba_Editan: Wa'alaikassalam ƙanena. In dai fim ne ɗauki GH5, tun 2017 ta fito amma har yau tana aiki, tana ɗaukar 4K (bidiyon da ya fi 1080 fitowa tas) har firem 60 a daƙiƙa, ga 10-bit a cikinta, wato tana riƙe launuka da yawa fiye da 8-bit, in ka zo gyaran kala ba za ka ga sararin sama ya yayyage ba, kuma ba ta yanke maka ɗauka, ita A7 III kafin minti 30 take tsayawa. Matsalar GH5 fokas ne, sai ka ga ta bar fuskar jarumi ta koma kan labule, gara ka koyi juya lens da hannu.

Ummi_Studio: Yaya ni dai Sony nake riƙe da ita. Sensonta, wato abin da ke kama haske a cikin kyamara, ya fi na GH5 girma nesa ba kusa ba, na ɗau wani sin na fim da fitilar ƙwai guda ɗaya a zaure fuska ta fito tas. Amma 8-bit ce, kuma lens ɗinta akwai tsada wallahi.

Ɗan_Fagge: Na gode sosai. To lens ɗina na Canon fa, za su hau?

Baba_Editan: Za su hau da adafta, sai dai fokas ɗin zai ƙara nauyi. Ka ware kuɗin makirfo ma, na jikin kyamara iska kawai yake kwasowa.