Techiman ko Sunyani, da yara uku?

Maman Biyu:
Salam jama'a, maigida zai bar Kumasi, mu a Aboabo muke, yara uku karamin ma bai yaye ba. Techiman ko Sunyani don Allah?

Baban Zongo:
Hajiya Techiman mana, zongo babba ne ga makarantun allo ga kasuwa, doya da masara araha kuma kan hanyar Tamale take, mota ba ta yankewa. Sai dai ranar kasuwa hayaniya da manyan motoci, ki rike hannun yaranki gam.

Anti Asawase:
Ni Sunyani na zauna, shiru, tsaf-tsaf, ga babban asibiti, amma 'yar'uwa kewa ta kusa kashe ni, sai in wuni ban ji Hausa ba. Ki tambayi kudin haya tukuna, ni adibas na shekara 2 maigidan haya ya nema.

Maman Biyu:
Shekara 2?? Kai Anti.