Wace kalma za mu ba wa "anachronisme" da Hausa?

Assalamu alaikum ƴan'uwa marubuta da masu kishin harshe. Taimako nake nema a kan kalma guda. Bafaranshe yana cewa anachronisme, wato a ɗauki abu a ajiye shi a zamanin da ba nasa ba, ko kalma ce, ko kaya, ko tunani. Asalinta daga Girkanci take. Na daɗe ina jefa ta haka nan da Faransanci a tsakiyar zancen Hausa, kuma tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025 nake ƙara jin nauyin yin hakan. Bari in fara da abin da ya tayar da maganar.

Ina rubuta ƙagaggen labari da na kafa a Galmi a 1952, shekara biyu bayan ƴan mishan na SIM, wata ƙungiyar bishara ta Kirista, sun buɗe asibiti a garin. Saurayi ne Ba'adare ya kai mahaifiyarsa jinya, ya zauna yana ɗebo ruwa yana wanke bandeji, har ya koyi boko a wurinsu. A babi na shida yana gindin fitilar ƙwai yana haɗa baƙi a cikin Littafi Mai Tsarki. Ayar da na sa masa a baki, daga wayata na kwafo ta.

Na kai babin wurin wani dattijo a nan Tawa, abokin mahaifina ne, mai bishara da ya daɗe da ajiye aiki. Idonsa ya yi rauni, don haka ni nake karantawa yana saurare a kan tabarma. Ina kaiwa kan "rai madawwami" sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana. Wace shekara kac ce?"

"1952, Baba."

"To wanga yaro bai karanta hakanan ba. Mu 'rai na har abada' munka taras, shi munka hardace. Kuma ba Yahaya munka san littafin ba, Yohanna ne."

Ya aiki jikarsa ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da wani littafi naɗe a tsohon zane. Bangonsa baƙi, gara ta ci gefe guda, takardun sun yi ja kamar busasshen ganyen taba. A jikinsa an rubuta "Litafi" da t ɗaya. Da na buɗe sai ga "chikin" a inda muke rubuta "cikin". Fassarar 1932 ke nan, cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa, wanda Dakta Walter Miller na Zariya ya ja ragamar aikinsa. Wadda ke cikin wayata sabuwar fassara ce da ta fito wajen 1980. Na ba yaron 1952 kalmomin da sai bayan kusan shekara talatin aka buga su.

Na zauna da littattafan biyu har dare. A tsohuwar, Yesu Kristi. A sabuwar, Yesu Almasihu. Matta ya koma Matiyu. Misalai ya koma Karin Magana, Mai-Wa'azi ya koma Mai Hadishi, Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya. A ayar nan da Baba ya tsayar da ni, tsohuwar ta ce "haifaffe shi kaɗai", sabuwar ta ce "makaɗaici". Tsohuwar "bada gaskiya", sabuwar "gaskata". Ba ina cewa wata ta fi wata ba. Amma tsoho kamar Baba yana jin shekarun mutum daga yadda yake jawo aya, kamar yadda muke gane Ba'adare daga "munka" da "sunka".

To wannan kuskuren, mene ne sunansa da Hausa?

Na gode da amsoshin da suka shigo tun jiya. Zan bi su yadda na fahimce su, wanda na yi wa gurguwar fahimta ya gyara mini.

Mutane da yawa sun ce "kuskuren tarihi". Ya yi faɗi. In na rubuta cewa Nijar ta sami ƴancin kai a 1961 alhali 3 ga Agusta 1960 ne, na yi kuskuren tarihi, amma ban ɗauko komai daga wani zamani ba, lissafi ne kawai ya kuɓuce mini. Abin da muke nema ya fi haka takamaimai. "Rai madawwami" daidai take a Hausa, daidai take a fassara, wurin zamanta ne kawai ba nan ba.

Wani malamin zaure daga Ƙwanni ya kawo "riga malam masallaci", kuma na ji daɗinta ƙwarai, domin tamu ce, kowa ya san ta. Ta dace da abin da ya same ni, ta kuma dace da wanda zai sa ɗan kasuwa a 1940 yana ƙirga sefa, alhali sai a Disambar 1945 aka ƙirƙiro kuɗin. Matsalarta, gefe ɗaya ta kama. Akwai wanda ya makara, ba wanda ya riga kaɗai ba. In na sa gwamnan Nasara yana zaune a Damagaram a 1952, bayan tun 1926 aka mayar da babban birni Yamai, wannan ma anachronisme ne, kuma ba wanda ya riga kowa masallaci. Haka in na ɗauko Hausar Sabon Alkawari da Schön ya fassara a 1880 na sa a bakin yarona don kawai in ji ƙamshin tsufa. (A gefe: wannan Bajamushen, Hausa mai yawa ya ji a bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram daga wajen Kance, wanda Barth, Bature mai yawon bincike, ya tafi da shi Ingila a 1855. Mu ƴan Nijar muna da hannu a wannan tarihi tun daga tushe, kuma kaɗan ne a cikinmu suka san haka.) Ban da wannan, "riga malam masallaci" karin magana ce mai zargin gaggawa da rashin ladabi, ba za ta zauna a matsayin sunan abu a littafin nazarin adabi ba.

"Saɓanin zamani" da "saɓa wa zamani" su suka fi samun goyon baya, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. Wahalar tana cikin kalmar zamani kanta. Fuska biyu gare ta. Akwai zamanin Nasara, zamanin Diori, zamanin Kunce, wato wani yanki na tarihi. Akwai kuma zamani na "ɗan zamani" da "kayan zamani", wato yayin da ake ciki. Na gwada a kan ƙanwata da ba ruwanta da rubuce-rubuce, na ce mata wane ya saɓa wa zamani. Ta ce ai tsoho ne da ya ƙi riƙe waya. Kunnenta fuska ta biyu ya ɗauka, kuma ina jin haka yawancin kunnuwa za su yi. Wani ya ce to a sa "lokaci" a huta. Amma "kuskuren lokaci" mutum zai zaci mota ce ta tashi ta bar ka a tasha. Lokaci na agogo ne. Dole mu riƙe zamani, sai dai mu haɗa ta da kalmar da za ta karkatar da kunne zuwa fuskar farko.

Ga abin da nake ba da shawara: tuntuɓen zamani.

Ba daga sama na ɗauko ta ba. Muna da tuntuɓen harshe, muna da tuntuɓen alƙalami, marubuta kullum suna neman afuwa a kansa a ƙarshen littafi. Duk wanda ya san waɗannan zai gane cewa ana nufin kuskure ne a wajen zamani, ba ƙin zamani ba. Tana shiga jimla ba tare da an tura ta ba: "Ya yi tuntuɓen zamani a babi na shida." "Fim ɗin cike yake da tuntuɓen zamani, ga sarkin ƙarni na 19 da agogon hannu." Ba ta damu da ko abin ya riga ko ya makara ba. Abin da ya fi ja na gare ta kuwa shi ne hannun Baba da ya ɗaga. Yana tafiya cikin labarin lafiya, yana gyaɗa kai, har ya shiga Galmin ƙuruciyarsa, sai ƙafarsa ta bugi dutse. Marubuci ya ajiye dutsen, mai karatu ya ci tuntuɓen, kuma daga nan ya daina yarda da hanyar.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Abdou Moumouni ya kawo "baƙon zamani". Ban yar da ita ba. Ina ganin ta dace da shi abin da aka saka, wato kalmar ko agogon: "rai madawwami baƙuwar zamani ce a wannan shafi". Aikin saka ta shi ne tuntuɓen.

Na dawo, domin wata malamar lakwal a Yamai ta yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ta ce: Malam, tuntuɓe ba da gangan ake yin sa ba, to wanda marubuci ya yi yana sane fa? Gaskiyarta. Kuma tambayar ta kai ni ga littattafan sharhi, inda abin ya fi zurfi. (Sharhi nake cewa, na bar tafsiri a inda kunnenmu ya saba jin sa, wajen Alƙur'ani.)

A labarina akwai Bature ɗan mishan. Fassara tana ba ni kalmomin da suka fito daga bakinsa, amma sharhin da ya karanta shi ke ba ni abin da ke cikin kansa. Da yawa daga ƴan mishan na Amurka da Kanada na wancan lokaci sun tashi da Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield (wani mai wa'azi Ba'amurke), wanda ya fito a 1909 aka sake buga shi a 1917, nassinsa fassarar Sarki James ta 1611. A bugun 1917, kusa da ayar farko ta Farawa an rubuta shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu, bisa lissafin Ussher, wani babban limamin coci na Ireland. Sharhin ya raba tarihin duniya zamani bakwai, yana jiran komowar Almasihu a kusa. Mutumin da ya sha wannan karatu, da ya ji an kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ya ɗauke ta alama ce; don haka wa'azinsa na 1952 ba zai zama irin na 1946 ba. In kuwa labarin a 1938 yake, ba shi da ikon ambaton tsofaffin rubuce-rubucen da aka tono a bakin Tekun Gishiri, domin sai 1947 aka gano su. Ga kuma sharhin Matthew Henry, wanda ya rasu a 1714, da masu wa'azi suka yi ta ɗiba daga cikinsa har ƙarni na 20. Duk waɗannan tsofaffin bugu suna intanet kyauta, ba mu da uzurin yin ƙiyasi.

Amma a cikin wannan sharhi na Scofield, a kan Farawa sura 9, an rubuta cewa zuriyar Ham ɗan Nuhu za ta zama ƙasƙantacciya mai bauta. Baturen da ya bar ƙasarsa ya zo yana wanke gyambon kakanninmu, da wannan shafi a jakarsa ya zo. Ina ƙaunar mutumin da na ƙaga, kuma zuciyata ta so in wanke shi, in ba shi tunanin mutumin yau a kan baƙar fata. Da na yi haka, ba tuntuɓe ba ne, ina gani na taka.

Wannan shi nake so mu kira aron zamani: marubuci ya ari abu daga wani zamani yana sane. Wani aron halal ne. Ni kaina "cikin" nake rubutawa a labarin, ba "chikin" ba, in ban da inda yaron ke bin baƙi da yatsa, domin mai karatun yau nake yi wa rubutu. Wani aron kuwa cin amanar mutanen da ne, har da waɗanda aka raina, domin in ka goge rainin ka goge haƙurin da suka yi da shi. Na bar wa Baturena shafinsa. Akwai wurin da yaron ya tambaye shi ma'anar ayar, kuma amsar da ya bayar ba ta yi mini daɗin rubutawa ba.

Malama ta amsa cewa ta karɓi biyun, za ta gwada su a aji ta ga ko yara za su kama ba tare da dogon bayani ba. Malamin Ƙwanni ya ce yana nan a kan karin maganarsa wajen hira, amma a rubuce ya yarda da tuntuɓen zamani. Don haka abin da zan riƙa amfani da shi ke nan daga yau: tuntuɓen zamani ga wanda ya kuɓuce, aron zamani ga wanda aka yi da niyya, baƙon zamani ga shi abin da aka saka. Wanda ke da wata daga bakin tsofaffin Adar ko Gobir ko Damagaram da ta fi waɗannan zama a baki, ya kawo, ƙofa a buɗe take.

Baba ya ba ni aron littafin zuwa ƙarshen wata, da sharaɗin kada ya kwana a ƙasa saboda gara. Jiya na koma na sake karanta masa babi na shida. Yaron ya buɗe Yohanna, ya bi baƙi da yatsa har ya kai "rai na har abada". Baba bai ɗaga hannu ba, ya ce in ci gaba zuwa na bakwai.