Maganin wanke hanji ya ƙi zama a cikina, ga gwaji gobe

Assalamu alaikum. Shekaruna 47, gobe za a leƙa babban hanjina da kyamara, karon farko. An ba ni maganin wanke ciki lita 4, rabi yau da yamma, rabi da asuba. Tun safe ban ci komai ba sai ruwa.

Matsalar amai ce. Na sanyaya maganin a firji, na riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, na huta rabin awa na sake gwadawa, duk da haka ya dawo. Ko lita ɗaya ba ta zauna ba. Bayan gidana har yanzu da gudaji, alhali an ce sai ya koma ruwa garau kamar fitsari. Na kira asibitin, sun tashi.

Don Allah, in ci gaba da sha, ko aman ya ɓata shirin sai an ɗaga gwajin?