Karin Harshen da Ya Fi Daɗin Ji

A wata muhawara da aka yi kan karin harshen Hausa da ya fi jan hankali, Sakkwatanci ne ya fi samun masoya. Wai idan Basakkwace ya ce "shina tahiya" ko "biyat", kunne kan tsaya cak, musamman a bakin makaɗan fada. Ni ma can na karkata. Kananci kuwa an ce na mai neman aikin rediyo ne, tunda a kansa aka gina daidaitacciyar Hausa. Zazzagawa sun sha tsokana kan cewa "mata na" a maimakon "matata".

Shawarar da aka fi nanatawa ga samari: kada ka ari karin wani gari ka tafi zance. Budurwa 'yar Sakkwato za ta gano ka tun daga sallama.