Ruwa da iska a kwamfuta ɗaya: dabara ce ko ɓarnar kuɗi?

Mai haɗa bidiyo: Salamu alaikum jama'a. Tun shigowar bazara kwamfutata ba ta bari na yi aiki cikin kwanciyar hankali. Da na sa ta fitar da bidiyon biki mai tsawo sai zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kai digiri 100, ta rage gudu da kanta. Abin sanyayawa na iska ne a kanta, mai fanka biyu. Ni a ganina mafita ita ce a haɗa biyun, na ruwa da na iska, a samu sanyi ninki biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ban goyi bayanka ba. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Watan jiya aka kawo mini wata kwamfuta mai sanyayawa da ruwa a shago, fankokinta duk suna juyawa, fitilu na walƙiya, amma tana mutuwa bayan minti biyu. Sai da na taɓa tiyon biyu na ji ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, sannan na gane famfon da ke zagaya ruwan ne ya tsaya. Fanka idan ta mutu ido na gani, ka shiga kasuwa ka sayo wata. Famfo kuwa a rufe yake, sai dai a sauya kayan gaba ɗaya.

Injiniya: Oga, kafin mu yi nisa, kai da kanka ruwa kake sayar wa mutane. Waɗannan bututun jan ƙarfe da ke cikin abin sanyayawa na iska, akwai ɗan ruwa a cikinsu, an zuƙe iskar ciki an liƙe baki. Zafin furosesa yana mayar da ruwan tururi, tururin ya tafi can wajen siraran faifan alminiyam ya huce, ya koma ruwa, ya biyo jikin bututun ya dawo kamar yadda kananzir ke bin lagwani. NH-D15, abin sanyayawa na iska na kamfanin Noctua da ya fito a 2014, irin bututun nan shida gare shi. Na ruwa kuma, ina yake kai zafin? Lagireto, inda fanka ke hura shi cikin ɗaki. Kowanne a cikinsu haɗin gambiza ne tun daga masana'anta.

Bakanike: Wannan kam na fahimta, haka mota take. Ruwa ɗan aike ne kawai, yana kwaso zafi daga inji ya kai lagireto. Ranar da fanka ta tsaya a cunkoso, ko ruwan cike yake sai ya tafasa.

Mai haɗa bidiyo: To ai kun ƙara ƙarfafa ni. Tun da ba sa faɗa da juna, me zai hana in ɗora duka biyun a kan furosesar?

Injiniya: Wuri ne babu. Murfin furosesa bai fi ƴar ƙaramar ashana faɗi ba, abu ɗaya ne kawai zai kwanta a kansa. Idan ka ɗora na biyu a bisa na farko, zafin sai ya ratsa ƙarin ƙarfe da ƙarin man da ake shafawa tsakaninsu don zafi ya wuce kafin ya isa gare shi, kowane mahaɗi kuma yana rage masa sauri. Matsalar manyan furosesa na yanzu ma a ƙasa take. Furosesar Core i9-13900K, alal misali, an ba shi damar shan wuta har wat 253, duk daga ɗan guntun silikon da bai kai kan babban yatsa ba. A nan zafin ke cushewa, kafin ma ya iso abin da ka ɗora.

Ɗaliba: Injiniya, da izininka, ina ganin ka rage wa ruwa daraja. A darasinmu, giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4.18 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, iska kuwa kusan jul ɗaya. Idan aka auna da mudu iri ɗaya, ruwa ya fi iska ɗaukar zafi sama da sau dubu uku. Ba don haka ba ne Google ta koma sanyaya injinan TPU ɗinta, masu aikin ƙirƙirarriyar basira, da ruwa a 2018?

Injiniya: Lissafinki daidai ne, ƙanwata, kuma ban raina ruwa ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne yana kai zafi nesa, wurin da akwai fili. Lagireto mai tsawon milimita 360 yana ɗaukar fanka uku, ba za ki iya rataya irin wannan a kan furosesa ba. Sai dai yawan ɗaukar zafin nan yana yaudarar mutane. Ruwa yana jimawa kafin ya ɗumama, shi ya sa mai gwajin minti biyu zai ga lamba mai daɗi. Shi ɗan'uwanmu aikin awa guda yake yi, ruwan zai kai iyakarsa, daga nan faɗin lagireto da ƙarfin fanka ne ke magana.

Mai gyara: Akwai abin da ba ku ambata ba, kuma shi ne ya fi damuna. Kewaye da furosesa akwai ƙananan na'urorin da ke daidaita mata wuta, VRM, ga RAM da SSD, ma'ajiyan bayanai, a kusa. Abin sanyayawa na iska yana hura musu a hanya ba tare da an roƙe shi ba. Ka cire shi ka sa na ruwa, furosesa ta huta, maƙwabtanta su shiga uku. Na sha ganin babban allon cikin kwamfuta, wanda duk kayan ke kansa, da wurin ya sauya launi.

Injiniya: Yauwa Oga, ka kawo mu gida. Wannan shi ne haɗin da nake yarda da shi: a raba aiki. Ruwa a kan guntun da ya fi zafi, iska a kan sauran. Kamfanin AMD ya yi haka a 2014 da katin hoto na Radeon R9 295X2 mai shan wat 500, ruwa a kan guntayensa biyu masu sarrafa hoto, fanka a tsakiya tana kula da sauran kayan. Kamfanin Arctic kuma ya maƙala ƴar fanka a jikin famfon abin sanyayawarsa na ruwa, Liquid Freezer II, saboda VRM kaɗai.

Mai gyara: Na ji. Amma waɗannan a ɗakuna masu sanyi ake gwada su. Mu nan Kano a watan Afrilu zafi na kai digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto kamar an shafa masa auduga.

Ɗaliba: Oga, ai ƙurar ba ta zaɓe, tana toshe faifan na iskar ma. Zafin ɗaki kuma dukansu yake kamawa, babu wanda zai sauko da furosesa ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa. A ce na'ura tana riƙe ta digiri 55 sama da ɗaki: a ɗaki mai 22 za a ga 77, a ɗaki mai 40 za a ga 95.

Mai gyara: Haka ne, amma na iska ina busa shi da bulowa in mayar, ko shekara goma. Na ruwa kuwa ruwansa yana raguwa a hankali ta jikin tiyo, babu mai gani, har ranar da famfo ya fara ƙara.

Mai haɗa bidiyo: Yanzu na buɗe gefen akwatin na haska da fitilar waya. Wallahi faifan ba a ganinsu saboda ƙura, kuma a jikin akwatin fanka ɗaya ce tal a baya, gaba babu komai. Batun ɗora biyu a kan furosesa na janye shi. Amma har yanzu raina yana kan lagireto na 360 da ƙarin fanka a kan babban allon ciki.

Injiniya: In ka saya, kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan, domin kumfar iska sama take taruwa. Kafin nan shiga BIOS, wato saitin farko da ke buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka rage iyakar wutar zuwa wat 200, ka fitar da bidiyo ɗaya, ka turo mana lokacin da ya ɗauka da zafin da ya kai.

Mai gyara: Ni dai ina nan kan bakana. Kawo ta shago ranar Asabar in busa ta, in sauya man, in sa fanka biyu a gaba. Idan ta sake kai 100 bayan haka, ni da hannuna zan ɗaura maka na ruwan.