Ɗana yana ciwon ciki duk lokacin da ya ci burodi

Mai tambaya, Maradi:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6 yana fama da kumburin ciki da zawo duk ranar da ya ci burodi, taliya ko fanke, amma fura da tuwon hatsi ba su damunsa. Shin alkama ce jikinsa ba ya karɓa?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Cututtuka biyu ne ake yawan haɗawa. Idan borin jini ne na alkama, alamun suna fitowa cikin mintoci zuwa awa 2: ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fuska, wani lokaci toshewar numfashi, wadda ke buƙatar allurar adirenalin nan take. Ta biyun ita ce siliyak, inda gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, yake lalata bangon ƙaramin hanji, har yaro ya rame, jininsa ya ragu, girmansa ya tsaya. Bayaninki ya fi kama da wannan. Kada ki hana shi alkama kafin gwajin jini, domin hakan yana ɓoye cutar.

Wani uba, Tibiri:
Hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo da wake babu gulutin a cikinsu. Sai dai ki kula da ɗanwake, domin masu sayarwa da yawa suna haɗa shi da fulawa, haka ma injin niƙan da aka niƙa alkama a ciki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ranar Litinin za mu ga likita, in sha Allahu.